Lamba Dubu Biyu da Arba'in

A wannan makaranta ba a tambayar mutum sunansa. Suna na gida ne, can ake baro shi tare da uwa da ƙanne ranar da aka kawo yaro da akwatinsa. A bakin ofis akawu zai buɗe babban littafi ya ba shi lamba, daga ranar kuwa da ita ake kiransa a aji, da ita a layin abinci, da ita in za a zane shi. Shekara tamanin ke nan ana haka, tun daga yaron farko mai lamba ɗaya, wanda hotonsa yake rataye a zauren taro, kunnuwa a baje, ido a zare. Makarantar gwamnati ce, ta kwana, ta maza zalla. An canja mata suna sau biyu, an canja launin wando sau uku, amma ba wanda ya yi karambanin taɓa lambar. Ba a maimaita ta, ba a ƙwace ta. Ko korar yaro aka yi, da abarsa yake tafiya. Sai ka ga dattawa biyu masu tumbi sun haɗu a layin asibiti, ɗaya ya ce, "Nawa?" ɗayan ya faɗa, nan take mai babbar lamba ya tashi ya ba mai ƙarama kujera, ko da ya fi shi arziki sau goma.

Wanda yake saka wa kowane yaro lambarsa a wuyan riga shi ne Tela. Shagonsa yana bayan kicin, ɗaki ɗaya mai taga ɗaya, tsakanin sito da wani famfo da bai taɓa rufuwa ba. A ciki akwai baƙin keken ɗinki na ƙafa, da teburin yanka wanda tsakiyarsa ta lotsa, da benci inda sababbin yara suke jeruwa suna jiran awo, wasu hawayen rabuwa da gida bai gama bushewa ba. Lambar da hannu ake ɗinka ta, da jan zare, ta ciki, daidai inda riga take taɓa ƙeya. An taɓa kawo wani firinsifal mai son sabon abu, ya ce a koma rubuta ta da tawada, ai ya fi sauri. Tsofaffin ɗalibai suka taso masa kamar ya ce a sayar da filin ƙwallo. Bai cika shekara biyu ba aka yi masa canji, Tela kuwa ya ci gaba da allurarsa.

Amfanin lambar a wuya yana fitowa kowace Asabar da safe. Yara za su yi layi a gaban ɗakunan kwana, kowa ya juya baya ya sunkuyar da kai. Siniya zai bi su ɗaya bayan ɗaya, ya sa yatsa ya juyo wuyan rigar, ya karanta lambar da ƙarfi, yaron ya ce, "Ina nan." Wanda aka kama da rigar wani, ranar shi da wanke banɗaki. Wannan shi ake kira juya wuya, kuma duk wanda ya taɓa kwana a makarantar, ko ya kai shekara casa'in, ƙeyarsa ba ta manta sanyin wannan yatsa ba.

Shekarar Tela arba'in da ɗaya a shagon nan. Ya fara daga lamba dubu uku da 'yan kai, yanzu ana cikin dubu goma sha shida, kowane yaro kuma riga uku. Babban yatsansa ya yi kanta har allura ta haƙura da shi. Bayansa ya lanƙwashe daidai da tsayin keken. Zare kuwa, in zai zura shi yanzu sai ya fita bakin ƙofa, ya ɗaga allurar sama wajen haske, ya yi ta lalube yana tsaki. Ya gaji, kuma ya daina ɓoyewa. In ka ce masa, "Tela, ina gajiya?" ba zai ce maka ba gajiya ba kamar yadda mutanen kirki suke yi. Cewa zai yi, "Tana nan, tana gaishe ka."

Ba wanda ya kai shi sanin tarihin wurin. Ya san shekarar da iska ta yaye rufin ɗakin karatu, ya san dalilin da ya sa ake buga ƙararrawar safe sau goma sha tara, wato yawan yaran da aka buɗe makarantar da su, ya san wace bishiya wane rukuni ya dasa. Firinsifal goma sha ɗaya suka wuce ta gabansa. Amma da aka zo buga mujallar cika shekara saba'in da biyar, masu mujallar suka zo shagon da kyamara, suka gaishe shi da ladabi, suka roƙe shi ya ɗan matsa gefe don su ɗauki hoton keken.

Abin da ba wanda ya sani a makarantar, daga Firinsifal har maigadi, shi ne Tela ma yana da lamba.

Yana da shekara goma sha uku ya ci jarrabawar shiga, shi kaɗai daga firamarensu. Babansa tela ne a kasuwa, ranar ya rufe shago, ya ɗauro akwatin a bayan keke, suka tako tare har bakin ofis. Akawun wancan zamani ya lashi yatsa, ya buɗe littafi, ya ce, "Dubu biyu da arba'in." Babansa ya maimaita a hankali sau biyu don ya kai wa uwar yaron daidai. A ɗakin kwana gadonsa yana kusa da na dubu biyu da talatin da tara, wani zanƙalelen yaro da suke kira Dogo, wanda ya yi mako guda yana kukan gida a ƙarƙashin bargo, bai kuma san ta inda ake riƙe allura ba. Shi ya riƙa ɗinka wa Dogo maɓalli kafin Asabar don kada siniya ya kama shi, daga nan ɗakin gaba ɗaya ya gano shi, aka laƙaba masa Ɗan Allura.

Wata biyar ya yi. Ana tsakiyar zango na biyu, suna darasin lissafi, masinja ya leƙo ya kira lambarsa. Babansa ne ya faɗi a shago, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ya haɗa akwati, ya ce wa Dogo ya kula masa da bokiti, mako ɗaya zai yi. Da ya isa gida ya tarar da uwa, da ƙanne biyar, da keken ɗinki an lulluɓe shi da zane. Bayan kwana bakwai kawunsa ya zaunar da shi ya ce, "Kai ne babba. Ka duba ɗakin nan ka gaya mini wa zai taka keken." Ya duba ɗakin. Sai da aka sa masa katako a kan fedar kafin ƙafarsa ta kai.

Yana da ashirin da biyu ya ji tsohon telan makarantar ya ajiye aiki, ya je ya nema. Har yau bai san ko son wurin ne ya ja shi ba, ko kuwa son ya cuci kansa. 'Yan ajinsu sun daɗe da fita, malaman da suka san fuskarsa an watsa su, shi kuma ya yi gemu. Firinsifal ya tambaye shi, "Ka iya rubuta lambobi?" Ya ce ya iya. Ya yi niyyar ya faɗi sauran, sai ya ce bari ya zauna da gindinsa tukuna. Da ya zauna, kunya ta hana shi. Bayan shekara goma kuma sai ya ga in ya faɗa, tambayar farko ita ce me ya sa bai faɗa ba tun da, shi kuwa ba shi da amsarta. Allah ya ba shi 'ya'ya huɗu, duka mata, don haka ko ta hanyar ɗa maganar ba ta taso ba.

Abu ɗaya ne bai iya bari ba. Duk rigar da ya ɗinka wa kansa, sai ya saka mata dubu biyu da arba'in a wuya, ta ciki, da jan zare. Matarsa ta gani a wankin farko bayan aurensu, ta tambaya, ya gaya mata yana kallon ƙasa. Ita kaɗai ta sani.

Dogo kuwa ya zama alƙali, har ya yi ritaya, har kowa ya koma kiransa Alƙali. Shi da kansa ya kawo ɗansa shagon awo, bayan shekara ashirin da wani abu ya kawo jikansa. Mutumin kirki ne, yana miƙa hannu, yana tambayar iyali. "Tela, sannu da ƙoƙari, ku ne makarantar nan," haka yake cewa, idonsa a kan wuyan yaron da ake aunawa. Tela yakan ce, "Ranka ya daɗe," da allura a baki.

To, akwai wata al'ada da makarantar take ji da ita fiye da kowace. Duk shekara a ranar da aka kafa ta, rukunin da ya cika shekara hamsin da shigowa yana dawowa a yi masa kiran lamba a zauren taro, gaban dukan yara. Mai rai ya miƙe ya ce, "Ina nan." Wanda ya rasu, maƙwabcin lambarsa ya miƙe ya ce, "Ya riga mu," akawu ya nuna lambar da doguwar sanda a jikin Dogon Ƙyalle, zaure ya yi masa addu'a. Dogon Ƙyallen nan farin yadi ne da ya zagaye rabin bango, a jikinsa ake ɗinka lambobin mamata da baƙin zare, rukuni rukuni. Mai ɗinkawar, ba sai an faɗa ba, Tela ne. Bana kuwa rukuninsu ne ya cika hamsin.

Ya san da haka, ya kuma gama shawara da kansa tun bara. Za a kira lambar sau uku, a ji shiru, a ce ba a san inda yake ba, a wuce. Ana samun irin haka kowace shekara, mutum biyu ko uku.

Saura kwana goma, akawun yanzu ya kawo masa takardar. Saurayi ne mai sauri, kullum kamar ana binsa. "Baba Tela, ga na bana. Talatin da ɗaya ne, Firinsifal ya ce a gama kafin jajibiri."

Tela ya sa tabarau, ya fita bakin ƙofa, ya bi jerin da yatsa. Ya wuce dubu biyu da goma sha ɗaya, ya wuce dubu biyu da talatin da uku. Yatsan ya tsaya a kan dubu biyu da arba'in. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Lambar ba ta motsa ba.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Alƙali da kwamitinsa."

"Sun tabbatar? Kowa da kowa?"

Akawu ya yi dariya. "Haba Baba Tela, alƙali ne fa. Ya taɓa yanke hukunci ba shaida?" Ya juya ya tafi, famfo yana ta ɗiga.

Da yamma ya nuna wa matarsa takardar a tsakar gida, tana kwashe shanya. Ta karanta, ta dube shi sama da ƙasa, ta ninke zanen da yake hannunta tsaf kafin ta yi magana.

"To, Allah ya jiƙanka, Malam. Yaushe aka yi? Ba wanda ya sanar da ni."

"Ke, ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Ka ɗinka mana, ka dawo in shimfiɗa tabarma mu karɓi gaisuwa tare."

Ya zauna a bakin rijiya, ya miƙe ƙafar da take masa ciwo. Ya ce mata ta yi tunani. Mutum casa'in ne rukunin, likitoci, injiniyoyi, manyan sojoji, wasu daga ƙasashen waje za su zo. Shi ne zai miƙe a tsakiyarsu, shi mai wata biyar, wanda yake ɗinke wa jikokinsu wando, ya ce yana nan? Yara dubu suna kallo. Gobe da wane ido zai auna su? In ya yi shiru, minti ɗaya ne, a yi addu'a a wuce, kuma addu'a ai ba ta ɓaci.

"Ba kai kake cika mini kunne cewa lamba ba a ƙwace ta ba?" in ji ta. "Shekara talatin da shida ina wanke jan zaren nan, ina kaffa-kaffa kada ya zuba a farar riga. Ashe rigar mamaci nake wankewa. Ni ban ce ka yi musu jawabi ba, Malam. Kalma biyu ce."

"Ba za ki gane ba."

"Na gane sarai. Kunyar wata biyar kake ji, ba ka jin kunyar binne kanka da hannunka." Ta shiga ɗaki, ta fito da kwano ta dire a gabansa. "Ga abinci, marigayi. Ci da zafinsa."

Ya ci loma uku ya rufe.

Washegari aka sauko da ƙyallen, aka shimfiɗa ƙarshensa a kan teburin yanka. Yadda yake yi kullum, sai ya fara zana lambobin duka da alli, kowace faɗin yatsa huɗu, sannan ya bi da zare. Sauran shekaru lambobi ne kawai, yana yi yana sauraron rediyo. Bana kowace da fuskarta. Wannan shi ne mai minshari, wanda suka taɓa fitar da gadonsa waje yana barci. Wannan shi ne mai satar sukari a safa. Wannan shi ya koya masa ninkaya a tafkin bayan gonar makaranta, ya kusa kashe shi. Duk a idonsa 'yan shekara goma sha uku ne, ga shi yana musu baƙin zare. Ba ya wuce huɗu a yini, idonsa sai ya yi ta ruwa, bai tsaya tantance ko na tsufa ne ba.

Ranar Alhamis ya iso tasa. Ya fita ya zura zare, abin mamaki a karo ɗaya ya shiga. Ya dawo ya zauna, ya ɗora allurar a kan wutsiyar biyun da take farkon lambar. Ya ji an buga ƙararrawar tara, ya ji an buga ta abincin rana, yana nan zaune. Ba jarumtaka ba ce ta hana shi, kada a yi masa ƙarya. Hannun ne kawai ya ƙi, hannun da ya saba yin lambar nan da ja. Daga ƙarshe ya jiƙa tsumma ya goge allin, ya bar wurin fari, ya tsallaka zuwa ta gaba. Ya ce a ransa in an tambaya zai ce mantuwa ce, ai tsoho ne, kowa zai yarda. Da aka zo mayar da ƙyallen bango ba wanda ya ƙirga.

Ranar taron, matarsa ta goge masa farar rigarsa mafi kyau ta ajiye a bakin gado. Ƙarfe goma zaure ya cika. Dattawa a gaba kan kujeru masu laushi da aka yi haya, jere bisa lamba, yara a baya a tsaye, malamai a gefe. Wurin Tela shi ne inda yake kowace shekara, ɗan benci kusa da ƙofar gefe, da allura a aljihu ko da wani abu zai ɓalle. Masu girki da masu shara sun taru a bakin ƙofar suna leƙe. Ya hango gyalen matarsa a cikinsu, ya yi kamar bai gani ba.

Aka yi taken makaranta, dattawa suna jan shi a hankali, yara suna gudu da shi. Firinsifal ya yi jawabi mai tsawo a kan rufin da yake yoyo. Sannan shugaban ɗalibai ya hau da babban littafi ya fara kira. Wani ya miƙe da sanda, wani sai an ɗaga shi, wani ya yi tsalle don a san da sauransa, yara suka yi shewa. In aka ce, "Ya riga mu," akawu ya ɗora sanda a kan baƙin zare, zaure ya amsa da murya ɗaya.

"Dubu biyu da talatin da tara."

Alƙali ya miƙe, har yanzu ya fi kowa tsawo. "Ina nan."

"Dubu biyu da arba'in."

Alƙali bai ko zauna ba. "Ya riga mu," in ji shi. Al'ada ba ta yarda a ƙara komai ba, amma ya ɗaga hannu. "Ku yi mini haƙuri. Wannan shi ne na farkonmu da ya tafi, tun muna aji ɗaya. An zo an kira shi daga aji, daga nan sai labarin rasuwa muka ji. Gadonsa yana kusa da nawa. Shi yake ɗinka mini maɓalli don kada a dake ni." Muryarsa ta karye, ya gyara ta. "Bokitinsa na riƙe har na gama makarantar nan. Ban taɓa addu'a na tsallake shi ba."

Tela ya kafe Alƙali da ido. Duk shekarun nan yana zaton mantawa aka yi da shi, ya kuma saba da hakan kamar yadda ya saba da ciwon baya. Bai taɓa kawowa cewa akwai mai kukansa ba.

Akawu ya ɗaga sanda, ya bi layin, ya tsaya a kan farin wuri. Ya koma baya, ya sake biyowa. Zaure ya fara gunaguni. Firinsifal ya juyo ya zuba wa Tela ido, irin kallon da ake wa tsohon da ya zubar da shayi gaban baƙi.

Tela ya dafa bango ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara. "Ina nan," in ji shi. Muryar ta fito 'yar ƙarama, ko layin gaba ba duka suka ji ba.

Firinsifal ya ɗauka haƙuri ya taso bayarwa. Ya yi masa alama da hannu. "Zauna, Tela, ba yanzu ba. A gyara daga baya." Wasu yara suka yi dariya a baya.

Ya kusa zama. Wallahi ya kusa, har ya fara lanƙwasa ƙafa, don zaman ya fi sauƙi, kuma shi mutum ne da ya daɗe yana zaɓar abin da ya fi sauƙi a wannan magana. Sai ya ji gyaran murya daga bakin ƙofa, wanda ya sani shekara talatin da shida.

Ya taka zuwa gaba. Tafiyar ba ta fi taku goma sha biyar ba, amma ya ji ta a kowace gaɓa. Ya tsaya gaban Alƙali. Ya juya masa baya, ya sunkuyar da kai.

Dariyar ta ɗauke. Ba mai rai a zauren nan, daga ɗan aji ɗaya har mai sanda, da bai san wannan tsayuwa ba. Alƙali ma bai yi shawara da kansa ba, hannunsa ne ya tafi. Yatsa mai sanyi ya shiga ƙeyar Tela, ya juyo wuyan rigar. Sai da ya laluba aljihu ya sa tabarau. Sannan ya karanta da ƙarfi, yadda ake yi.

"Dubu biyu da arba'in."

"Ina nan."

Alƙali ya kama kafaɗarsa ya juyo da shi, ya duba fuskar da ya sha gaisawa da ita. "Ɗan Allura?"

"Dogo."

"Amma an ce mana rasuwa aka yi."

"An yi. Babana ne."

"Shekara hamsin! Ina ka shiga, bawan Allah?"

"Bayan kicin," in ji Tela. "Ni na auna ɗanka. Na auna jikanka, shi ma bai iya maɓalli ba."

Alƙali ya koma kan kujera, ya rufe fuska da hannu biyu. Wani ya fara tafi, zaure ya ɗauka, yara suna buga ƙafa har ƙura ta tashi. Tela ya tsaya a tsakiya yana jiran daɗin da ya sha zaton zai ji in ranar nan ta zo. Abin da ya ji kawai shi ne yana son ya zauna. Aka yi ta matse-matse, aka cusa kujera tsakanin talatin da tara da arba'in da ɗaya. Laushinta ya yi yawa, bayansa bai ji daɗinta ba. Shugaban ɗalibai ya share hanci da bayan hannu ya ci gaba da kira, saura mutum hamsin.

Bayan an tashi aka yi masa caa. Kowa yana so ya riƙe hannunsa, kowa kuma da tambaya ɗaya, me ya sa bai faɗa ba. Ya ce musu haka Allah ya so. Wani likita ya rantse ya sha cewa fuskar nan ya san ta. Masu mujalla suka ce ya tsaya a tsakiya. Alƙali kuwa ya riƙe masa hannun riga ya ƙi saki, sai da jikansa ya zo ya ja shi wajen abinci. Da Tela ya waiwaya bakin ƙofa, matarsa ta riga ta tafi, tana da wanki.

Zaure ya watse, ya rage masu kwashe kujeru. Ya je ɗaukar bencinsa, ya tarar da Firinsifal da akawu a gaban ƙyallen suna kallon farin wurin. Firinsifal ya rasa da wane suna zai kira shi, ya ɗan yi tari.

"Baba, wannan giɓin fa? Ko za a warware na bayansa a matso da su, kada ya zauna haka?"

Tela ya matsa kusa, ya ɗora yatsu huɗu a wurin. Suka cika shi daidai.

"A bar shi," in ji shi. "Na riga na auna, zai ɗauka. Ku dai fara neman mai hannu tun yanzu, wanda ya iya allura. Kada ku rubuta ni da tawada."